Jamus: Shin matsa wa masu karɓar tallafi lamba ne zai sa su samu aiki?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Kun dai ji a 2025 ɓangaren shugaban gwamnati Merz da jam'iyyar SPD sun daidaita za su sauya wa Bürgergeld, wato tallafin marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, suna, su kuma ƙara tsaurara shi. Wanda ya ƙi zuwa kiran Jobcenter, ofishin da ke biyan tallafin, ko ya ƙi aikin da aka nuna masa, a datse masa kuɗi. Ni dai madalla na ce. Da asubar fari nake fita in je in tuƙa injin ɗaga kaya a sito, ƙarshen wata a zabtare min haraji, wani ƙato lafiyarsa ƙalau yana kwance, an biya masa haya, an biya masa ɗumama ɗaki, an kuma miƙa masa Yuro 563. Ga aiki nan birjik, duk shagon da ka wuce an liƙa takarda ana neman ma'aikata. Mai ja ya fito.

Ustaz Bashir:
Wa alaikumus salam. Ina bayanka. Manzon Allah (SAW) ya ce hannun da ke sama ya fi hannun da ke ƙasa. Mai lafiya ya zauna yana jiran ƙarshen wata, wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Baba Sani Hamburg:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan magana ba yau aka fara ta ba, a gabanmu aka yi. A watan Maris na 2003 Schröder, shugaban gwamnati na lokacin, ya tsaya a majalisa ya gabatar da Agenda 2010, shirinsa na gyaran dokokin aiki da tallafi, ranar 1 ga Janairun 2005 kuma Hartz IV, dokar tallafin da ta gabaci Bürgergeld, ta fara aiki. Ku da kuka zo daga baya ba ku san yadda ƙasar take a da ba. A da in aikinka ya ƙare akwai kuɗin inshora da kake ci, dattijo ma yakan kai wata 32 yana karɓa. In wannan ya ƙare sai ka koma Arbeitslosenhilfe, tallafin marasa aiki na wancan lokaci, shi ma da tsohon albashinka ake auna shi, rabi da ɗan ɗoriya. Sai aka wayi gari an soke shi, an haɗe shi da tallafin marasa galihu, aka ce kowa Yuro 345 a yamma, 331 a gabas, sai haya. Wanda ya shekara talatin yana walda a wurin ƙera jirgin ruwa da wanda bai taɓa ɗaga ko tsinke ba, da zarar inshora ta ƙare kuɗinsu ɗaya.

Akwai maƙwabcina, Bature ne, mai walda, ya haura hamsin. Aka tura shi tsintar shara a lambun unguwa a kan Yuro ɗaya da 'yan kai a awa, wai don kada ya manta da tashin safe. Mutumin da tun yana saurayi ƙarfe biyar ke tashi. In ya hango ni tafe sai ya sunkuya kamar yana gyara igiyar takalmi, har in wuce. Bai sake riƙe ƙarfen walda ba har ya yi ritaya.

Ɗan Damagaram:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma ai gyaran ya yi aiki. Marasa aiki nawa ne lokacin, nawa suka koma daga baya?

Malam Habu Nürnberg:
Tambayar tana kan hanya. A farkon 2005 adadin ya haura miliyan 5. Zuwa 2019 ya sauko ƙasa da miliyan 2.3. Wannan ba mai musu a kai. Sai dai a lura da abu biyu. Hauhawar da aka gani a Janairun 2005, wani ɓangarenta lissafi ne kawai, domin mutanen da a da suke cin tallafin marasa galihu ba a ƙirga su, sabuwar doka ta shigo da su cikin rajista. Sannan masana sun rabu a kan ko Hartz ce ta yi aikin ko sa'ar lokaci ta yi. Christian Dustmann da abokan bincikensa sun rubuta a 2014 cewa asalin abin ya girme ta: tun tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyoyin ƙwadago suke haƙuri da ƙarin albashi, kayan Jamus suka yi araha a kasuwar duniya, ga kuma China tana ta sayen injuna da motoci. Wasu masanan sun ce a'a, gyaran ofisoshin neman aiki da rage kuɗin zaman gida sun taimaka sosai. Ni ina ganin duka biyun akwai gaskiya.

Amma jimillar ƙasa ba ita ce damuwarmu ba. Damuwarmu mutumin da ba shi da takardar shaidar sana'a, wanda yawancinmu nan haka muka zo. A cikin marasa aikin da ke karɓar Bürgergeld, kusan biyu bisa uku ba su kammala koyon wata sana'a ba. Rashin aiki a tsakanin marasa takarda yana kusan kashi 20 cikin 100, a tsakanin masu takardar sana'a kuwa kusan kashi 3 ne. Takardun da kake gani a ƙofar shaguna, Ɗan Damagaram, ka tsaya ka karanta su. Yawanci ƙwararre ake nema: mai gyaran lantarki, mai jinya, mai haɗa famfo.

Baba Sani Hamburg:
Shi kansa Peter Hartz ɗin da aka sa wa dokar sunansa, babban jami'in ma'aikata ne a Volkswagen, a 2007 kotu ta same shi da laifin cin amana. Ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara biyu da tara. Shi dai ba a tura shi tsintar shara ba.

Maman Iman:
Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma yau dole in yi, don ni ce “ƙaton” da ake faɗa. Ina karɓar Bürgergeld, kuma ina aiki. Goge-goge nake yi a wani ofishi, Minijob, wato ƙaramin aiki na 'yan awoyi, Yuro 556 a wata a lissafin 2025. Yaya Ɗan Damagaram, ɗauko biro mu lissafa tare. Yuro 100 na farko nawa ne, ba a taɓawa. Daga 100 zuwa 520 kashi 20 ake bar min, wato 84. Daga 520 zuwa 556 kashi 30, wato 10 da santi 80. Ka haɗa: 194.80. Sauran duk ana cire shi daga tallafin. Awa 43 nake yi a wata ina wanke bayi da kwashe kwandunan shara, abin da ya ƙaru a aljihuna bai wuce Yuro huɗu da rabi a awa ba. A ciki zan sayi tikitin jirgi na wata, Yuro 58 a farashin 2025. Duk da haka ina zuwa, don ba na son 'ya'yana su tashi su ga uwarsu a zaune. Amma kada wani ya ce min lalaci ne ya hana mutane ƙara awoyi. Lissafin ne ba ya fita.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, ki yi haƙuri, ba da ke nake ba. To amma me ya hana ki nemi cikakken aiki ki fita daga hannunsu gaba ɗaya?

Maman Iman:
Wa zai riƙe min yara? Aikin goge-goge ko dai ƙarfe biyar na asuba kafin ma'aikata su zo, ko shida na yamma bayan sun tashi. Kita kuma, wato gidan renon yara, ƙarfe bakwai take buɗewa, huɗu ta rufe. Nan ba gida ba ne da zan leƙa katanga in ce wa maƙwabciya ga Iman nan. Kuma ko na samu awa arba'in a mako a kan Yuro 12.82 a awa, mafi ƙarancin albashin 2025, Yuro 2,200 ne da 'yan kai kafin haraji. Da yara biyu da hayar yanzu, da ƙyar in tsallake, watakila ma in ci gaba da neman ciko.

Malam Habu Nürnberg:
Abin da Maman Iman ta lissafa daidai ne har santi. Kuma ba ita kaɗai ba ce, masu aiki suna karɓar ciko sun kai kusan dubu 800. In an ce mutum miliyan 5.5 ke cin Bürgergeld, mutane sai su zaci duk zaune suke. Kusan miliyan ɗaya da rabi yara ne. Akwai masu aiki irinta, akwai masu renon jarirai, da masu jinyar iyaye, da masu zuwa makaranta ko kwas. Waɗanda aka rubuta a matsayin marasa aiki ba su kai miliyan 2 ba.

Kuma iyakar abin da za a bar maka duk yawan albashinka Yuro 348 ne, in kana da ɗa 378. Daga 1,000 zuwa 1,200 kashi 10 kacal kake gani. Ba wani attajiri a ƙasar nan da ake karɓe wa kashi 80 ko 90 na ƙarin da ya samu, sai talakan da ke ƙoƙarin miƙewa.

Alhaji Mai Shago:
Bari in faɗi ta ɓangarenmu, mu masu ɗaukar ma'aikata, tunda kowa ya maida mu azzalumai. Ina neman mai shirya kaya a shago. Yaro zai zo, ɗan'uwanmu, mu gaisa, in gaya masa awoyi da albashi. Sai ya matso ya rage murya: “Alhaji, rubuta min ɗari a takarda, sauran ka ba ni a hannu.” Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya san ɗarin farko ce ba a taɓawa. In na ƙi ya tafi wurin wanda zai yarda. In na yarda kuma jami'an kwastan suka faɗo shagon, ni za a ɗaure wa jakar tsaba. Saboda haka Ɗan Damagaram bai yi ƙarya ba, akwai masu wasa da tsarin. Amma dokar ce ta koya musu wasan.

Sannan ku tuna albashin. A 2015 da aka kafa mafi ƙarancin albashi Yuro 8.50 ne a awa, a Oktoban 2022 ya zama 12, a 2025 ya kai 12.82, daga Janairun 2026 kuma 13.90. A kan wannan ina biyan kason inshorata. Wanda ba ya iya karanta takardar kawo kaya, ba ya iya amsa waya da Jamusanci, wata nawa zan yi ina biyansa kafin ya fara dawo min da kuɗina?

Baba Sani Hamburg:
Alhaji, kafin 2015 na ga masu aski da masu gadi a kan Yuro biyar, shida. Schröder da bakinsa ya je Davos a 2005 yana alfahari sun gina ɗaya daga cikin mafi kyawun ɓangarorin ƙaramin albashi a Turai. Shekara goma gwamnati tana cika wa ma'aikaci abin da ubangidansa ya ƙi biya. Da aka zo kafa 8.50 an yi ta kururuwar ayyuka za su ƙare. Ba su ƙare ba.

Hajiya Rabi Bremen:
Ni aikina rakiyar mutanenmu ofisoshi ina musu tafinta, don haka na ga abin da idona. Matsalar ba shiga aiki ba ce, zama a cikinsa ne. A ƙarƙashin Hartz IV ƙa'idar ita ce duk aikin da ya fara samuwa shi ne gaba da karatu. Mutum zai ce yana so ya gama kwas ɗin harshe ya kai matakin B1 na Jamusanci, a ce masa ga aiki a sito, tafi. Kamfanin hayar ma'aikata ya ɗauke shi a Oktoba, lokacin da kayan Kirsimeti suka yi yawa. Yana cikin watannin gwaji, sanarwar sallama ba ta wuce mako biyu. Janairu na kamawa a miƙa masa wasiƙa. Ya dawo ya sake cike fom, ya sake kawo takardar haya da ta banki, ya jira. Bara haka, bana haka. Akwai wani bawan Allah da na raka, fayil ɗinsa na roba har ya tsage saboda kwantiragi, kowanne wata uku, wata huɗu. Ya shekara fiye da goma a ƙasar, bai taɓa ƙin aiki ba, kuma har yau ba ya iya karanta wasiƙar da ake aiko masa. A littafin gwamnati kuwa duk zuwa ɗaya an rubuta “an samar masa aiki”.

Hartz ce ta sakar wa kamfanonin haya mara, ta cire iyakar tsawon lokacin da za a ba da aron ma'aikaci. Sai a 2017 aka dawo da iyakar wata 18, aka ce bayan wata tara a biya shi daidai da 'yan gida. To wa ke barinka ka kai wata tara?

Abu ɗaya da na yaba wa Bürgergeld da ya zo a 2023 shi ne soke waccan ƙa'idar ta “aiki tukuna”. An ce in karatu ne zai fi zaunar da mutum a aiki, a bar shi ya yi, har ana ƙara masa Yuro 150 a wata in kwas ɗin na samun takardar sana'a ne. Waccan ƙa'idar ce gwamnatin Merz ta ce a 2025 za ta dawo da ita. Wannan ya fi damuna a kan maganar datse kuɗi.

Kabiru Kano:
Ikon Allah. Ina karanta ku ina dariya ni kaɗai. Wato a biya maka haya a ba ka Yuro 563 kuma har akwai abin muhawara? Mu nan ayyukan 774,000 da aka yi zamanin Buhari, mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, Naira 20,000 a wata, wata uku, shi ke nan. An share kwata, an watse. Ku turo min fom ɗin naku don Allah.

Hajiya Rabi Bremen:
Kabiru ke nan. A Kano wanda bai yi boko ba zai iya kasa tumatir a bakin titi gobe da safe. A nan ko gyaran wutar gida ba za ka buɗe shagonsa ba sai da takardar ƙwarewa. Wanda ba shi da takarda ƙofofinsa a ƙirge suke.

Ustaz Bashir:
Na ji bayanan, kuma Maman Iman Allah ya saka miki, ya raya zuri'a. Amma har yanzu ina da tambaya. Wanda aka kira bai zo ba, aka sake kira bai zo ba, aka nuna masa aiki ya ƙi, a ƙyale shi? Dukiyar jama'a ce fa.

Malam Habu Nürnberg:
Ba a ƙyale shi ko yanzu, Ustaz. A dokar Bürgergeld ta 2023, wanda ya ƙi aiki karon farko a datse masa kashi 10 na wata ɗaya, na biyu kashi 20 na wata biyu, na uku kashi 30 na wata uku. A 2024 ma an ƙara cewa wanda ya kafe ya ƙi aiki ana iya tsayar masa da kuɗin abincin gaba ɗaya har wata biyu. A zamanin Hartz IV abin ya fi haka: 30, sai 60, sai duka, matasa 'yan ƙasa da 25 kuwa tun laifin farko ake ɗauke kuɗin. Ranar 5 ga Nuwamban 2019 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta ce datse fiye da kashi 30 yadda ake yi ya saɓa wa tsarin mulki. Duk abin da za a rubuta yanzu sai ya bi ta gaban wannan hukuncin.

Cibiyar binciken harkokin aiki ta IAB da ke nan garinmu ta daɗe tana bin diddigin abin. Abin da ta gano: wanda aka datse wa kuɗi yakan yi saurin karɓar aiki, gaskiya ne. Amma aikin yakan zama mai ƙaramin albashi, wanda ba ya daɗewa, wasu kuma su ɓace daga rajista kwata-kwata. Wato dai abin da Hajiya Rabi ta bayyana.

In ana neman abin da ya nuna alamar nasara ga waɗanda suka daɗe a zaune, shi ne shirin 2019. Wanda ya haura shekara 25 kuma ya ci tallafi shekara shida cikin bakwai, in kamfani ya ɗauke shi, gwamnati ke biyan albashin duka a shekara biyun farko, sannan kashi 90, 80, 70, tare da mai bibiyarsa yana warware masa matsaloli. Aiki na gaske da kwantiragi, ba tsintar sharar maƙwabcin Baba ba. Illarsa tsada, shi ya sa guraben ba su da yawa.

Alhaji Mai Shago:
To me zai hana a bar wa mutum rabin abin da ya samu kawai? Da yaran nan sun daina zuwa min da maganar ɗari.

Malam Habu Nürnberg:
Ingila ta yi kusa da haka, a tsarinsu na Universal Credit fam ɗaya da ka samu ana cire kashi 55, ka riƙe 45. Abin da ke tsorata 'yan siyasar nan shi ne in ka sassauta cirewar, iyakar ta matsa sama, sai mutanen da yanzu suke tsaye da ƙafarsu su ma su cancanci ciko. Adadin masu karɓa ya ƙaru, jaridu su ɗauka. Babu ministan da ke son wannan kanun labarin, ko da a ƙarshe awoyin aiki sun ƙaru.

Hajiya Rabi Bremen:
Ɗan Damagaram, ka yi shiru. Tambaya ɗaya: lasisin injin da kake tuƙawa, wa ya biya kuɗin kwas ɗin?

Ɗan Damagaram:
Hajiya kin iya tone-tone. Su suka biya, ban ɓoye ba. Amma ai da aka ba ni na je, ban yi kwance ba. Mu goma sha muka fara, wasu ko mako ba su cika ba. Ni maganata tana nan: a ba mutum dama, in ya watsar a matsa masa. Wadda ke da yara kamar Maman Iman daban, mai ciwo daban. Amma saurayi ɗan shekara 25 da ba abin da ke damunsa, ba zan tausaya masa ba.

Baba Sani Hamburg:
Saurayin ma ba sai an datse masa ba, takarda za ta hukunta shi. Ku gaya wa yaranmu: mai cin tallafi da wuya ya samu izinin zama na dindindin, da wuya ya kawo matarsa, kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 2024 da ta rage jira zuwa shekara biyar ta ƙara tsauri a kan ciyar da kai. Wanda ke karɓar ɗari a takarda da saura a hannu yana ganin wayo ya yi. Ranar da ya je neman fasfo ko ya kai shekarun fansho zai gane.

Maman Iman:
Hajiya Rabi, tunda kin san hanya. Ina so in yi kwas ɗin mataimakiyar jinya, na kula da tsofaffi. Ina da B1 da takardar sakandare ta gida. Na taɓa tambaya da baki aka ce in dai ci gaba da neman ƙarin awoyi. Akwai yadda zan yi?

Hajiya Rabi Bremen:
Akwai. Da farko ki kai takardar sakandaren a tantance ta a hukumar ilimi ta jiharku, don makarantun za su tambaya. Ki nemi makarantar da ke yin kwas ɗin na rabin yini, akwai su saboda iyaye mata, ki karɓo takardar da ke nuna ranar farawa da kuɗin. Sannan ki rubuta buƙatar Bildungsgutschein, wato takardar da gwamnati ke biyan kuɗin kwas da ita, a takarda, ki riƙe kwafi, kada ki sake tambaya da baki. Tun Janairun 2025 Agentur für Arbeit, hukumar samar da aiki ta ƙasa, ce ke amincewa da biyan kuɗin kwas, don haka za a tura ki can, kada ki ɗauka kora ce. Ki tambayi kuɗin renon yara da na mota, suna cikin abin da ake iya biya. In aka ƙi, ki ce a ba ki ƙin a rubuce. Daga ranar da wasiƙar ta iso kina da wata ɗaya ki shigar da ƙorafi. Turo min saƙo ta gefe in nuna miki yadda ake rubutawa.